Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A watan Maris na shekarar 1938 ne waɗansu samari biyu na birnin Cleveland a ƙasar Amurka, watau Jerry Siegel marubuci da abokinsa Joe Shuster mai zane, suka sayar wa kamfanin ɗab'i na Detective Comics labarinsu na Superman. An biya su dala 130, ladan shafi 13. Takardar da suka sa wa hannu kuwa ta mallaka wa kamfanin jarumin labarin ɗungurungum.

Da labarin ya fito, sai ya karɓu fiye da zaton kowa, kamfani ya yi ta kwasar dukiya. A 1947 mutanen biyu suka kai ƙara, amma kotu ta tsaya a kan abin da ke rubuce, daga bisani har aka cire sunayensu daga littattafan. Sai a 1975, bayan tsufa ya kama su, idanun Shuster kuma sun raunana, kamfanin Warner ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mayar da sunayensu. Shi kansa cekin da aka biya su da shi, an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000.

Abin lura a nan shi ne, akwai bambanci tsakanin sayar da haƙƙin mallaka da ba da izinin bugawa. Wanda ya sayar ya rabu da gonarsa ke nan har abada. Wanda ya ba da izini kuwa haya ya bayar, gona tana komowa hannunsa in wa'adi ya cika.

A Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ɗora haƙƙin tun farko a hannun mai aikin, marubuci ne ko mai zane, sai fa in yarjejeniya ta ce ba haka ba. Haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, watau gado ne na 'ya'ya da jikoki. Bugu da ƙari, cinikin sayar da shi ba ya ƙulluwa sai a rubuce.

Saboda haka, kafin marubuci ko mai zane ya sa hannu, ya kamata takarda ta bayyana shekarun izinin, da ƙasashen da ya shafa, da kason da za a biya a kan kowane kofi, da lokacin kawo lissafi. Ta kuma faɗi mai ikon fassara da na mayar da labarin fim, da ranar da haƙƙi zai komo in an daina buga littafin. Shi ma mai zane ya tabbata an rubuta cewa zanensa na wannan littafin ne kaɗai, kuma sunansa zai fito.

Ɗokin ganin suna a bangon littafi shi ya kan sa a sa hannu ba a karanta ba. Kotu kuwa takarda za ta duba ranar da rigima ta tashi.