Ire-iren Dainoso da Kamanninsu

Dainoso suna ne da masana suka ba wa wata zuriyar dabbobi masu ƙwai da suka mamaye doron ƙasa tun kimanin shekaru miliyan 230 da suka shuɗe, har zuwa ɓacewar mafi yawansu shekaru miliyan 66 baya. Wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya raɗa musu wannan suna a 1842 daga harshen Girka, ma'anarsa ƙadangare abin tsoro. Sai dai sun bambanta da ƙadangare da kada, domin ƙafafunsu a miƙe suke a ƙarƙashin jiki kamar na doki, ba a baje ta gefe ba. Ba wanda ya taɓa ganinsu da rai. Daga ƙasusuwansu da suka rikiɗe suka zama dutse ake gane irin kowanne da abincinsa da yadda yake tafiya.

Masu cin nama

Waɗannan da ƙafa biyu suke tafiya, haƙoransu masu kaifi ne, faratansu kuma a lanƙwashe. Mafi shahara a cikinsu shi ne Tyrannosaurus na Arewacin Amurka, mai tsawon kimanin mita 12 da 'yan gajerun hannuwa masu yatsu bibbiyu. A hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, ayarin masani Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya haƙo Suchomimus a 1997. Tsawonsa ya kai wajen mita 11, yana da dogon baki irin na kada da ƙaton farce a babban yatsa, abin da ya nuna kifi ne abincinsa. Wannan shaida ce cewa inda yau babu komai sai rairayi, a da koguna ne masu gudana.

Masu dogon wuya

Su ne mafiya girma cikin dukkan dabbobin da suka taɓa taka ƙasa. Da ƙafa huɗu suke tafiya, suna da ƙaramin kai da dogon wuya da doguwar jela, ganye kuma suke ci. Argentinosaurus na ƙasar Ajantina ya wuce mita 30. A yankin Ingal na jihar Agadas an sami Jobaria, wanda aka ɗauko sunansa daga wata halitta ta tatsuniyoyin Buzaye. Mafi ban mamaki shi ne Nigersaurus, wanda aka raɗa wa suna a 1999 don tunawa da ƙasar da aka same shi. Tsawonsa kimanin mita 9 ne, bakinsa mai faɗi, da haƙora fiye da 500 jere bisa jere, sababbi suna maye gurbin waɗanda suka cinye cikin kimanin mako biyu. Kansa a sunkuye yake kiwo, yana yankar ƙananan tsirrai dab da ƙasa, shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce.

Masu ƙaho da sulke da tozo

Rukuni na uku su ma ganye suke ci, amma kowanne da irin kariyarsa. Triceratops yana da ƙahoni uku da faffaɗan ƙashi kamar garkuwa a bayan kai. Stegosaurus yana da fale-falen ƙasusuwa jere a gadon baya da tsinuna a jela. Ankylosaurus kuwa sulke ne ya rufe shi, ga kulki a ƙarshen jela. Na kusa da mu shi ne Ouranosaurus, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya gano a Gadufawa ta Nijar ya kuma bayyana a 1976. Dogayen ƙasusuwa ne suka taso a bayansa, masana na ganin fata ce ta lulluɓe su ko kuma tozo irin na raƙumi.

Wanda ba dainoso ba

Ba kowane tsohon ƙashi ne na dainoso ba. A yankin Goronyo na jihar Sakkwato an haƙo Goronyosaurus, ƙaton ƙadangaren ruwa da ya rayu lokacin da teku ya malale wannan yanki. Shi da kadojin zamanin da masu fukafukan fata duk zuriyarsu daban ce.

Ɓacewarsu da abin da ya rage

Mafi yawan masana sun yarda cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya a yankin Yucatan na Meziko, ƙura ta tare hasken rana, tsirrai suka mutu, yunwa ta gama da manyan dabbobi. Reshe ɗaya ne ya tsira, wato tsuntsaye. Ƙasusuwa masu alamar gashin tsuntsu da aka samu a Liaoning ta ƙasar Sin tun 1996 sun ƙarfafa cewa kaza da jimina jikokin masu cin nama ne.

Kira ga jama'a

Masu sha'awa za su iya ganin ƙasusuwan dainoso a Gidan Tarihi na Boubou Hama da ke Yamai. Ana kuma kira ga manoma da makiyaya da masu haƙar rijiya ko ma'adinai, duk wanda ya ci karo da ƙashi mai nauyin dutse kada ya fasa, kada ya sayar, kada ya ɗauke shi daga wurinsa. Daga irin ƙasar da yake kwance a ciki ake gane shekarunsa, in an raba shi da ita rabin iliminsa ya salwanta. A sanar da mai gari ko hakimi ko jami'an gidan tarihi mafi kusa.