Wa ke da kuɗin liƙi? Rabon da ke haɗa masu kayan DJ da yaransu faɗa a birnin Kano

A ƙarshen mako, da wuya mutum ya ratsa Yakasai, Koki ko Mandawari bai ji sautin lasifika daga gidan kamu ko wuni ba. Sai dai sau da yawa matashin da ke zaune gaban kwamfuta yana sauya waƙa ba shi aka yi ciniki da shi ba, kuma kayan ba nasa ba ne.

DJ mai suna kan karɓi biki biyu ko uku a rana ɗaya, musamman a makonnin da ke gab da azumi, lokacin da aure ke yawa. Sai ya je ɗaya, ya tura yaransa ko wani abokin sana'a sauran. Shi ya karɓi kafin alƙalami, shi kaɗai ya san nawa aka yi ciniki. Wanda aka tura kuwa sai an tashi yake sanin sallamarsa.

Hujjar kowane ɓangare

Mai kaya na da abin faɗa. Shi ya zuba jari, sunansa ya jawo aikin, idan lasifika ta ƙone shi zai kai gyara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur na janareta ya zama babban kaso a kowane aiki.

Yaron ma na da tasa. Lungunan cikin ganuwa ba kowanne mota ke shiga ba, don haka da kura ko a kafaɗa ake ƙarasawa da kaya. Shi ke tsayuwar awanni, shi ke haƙuri da ƙawayen amarya, shi kuma ke fuskantar dattawan unguwa ko 'yan Hisba idan aka yi ƙorafin ƙara ko cakuɗuwar maza da mata. In aka tsayar da biki, ba kasafai ake da yarjejeniya kan wanda zai ɗauki asarar ba.

Inda gizo ke saƙa

Rigima ta fi yawa a kan liƙi. Yaro na ganin gwanintarsa aka yaba, mai kaya na ganin albarkacin kayansa ne, ga mai gabatarwa na jiran nasa. Tsoffin makaɗa sun san wannan matsala: abin da aka samu a fage akan tara shi, shugaba ya raba wa 'yan amshi, makaɗa da sanƙira, kowa gwargwadon matsayinsa. Sana'ar DJ ta gaji liƙin, amma ba ta gaji tsarin rabon ba.

Liƙin kansa ma ba abin dogaro ba ne. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, kuma tun 2024 EFCC ta matsa wajen gurfanar da masu yi. Wasu baƙi sun koma tura kuɗi ta waya, sai tambayar ta zama: lambar asusun wa za a sanar?

Mafita ba ta da nisa

A fiƙihun Malikiyya da Kano ke bi, sharaɗin ijara shi ne a san ladan aiki tun kafin a fara. Kasuwar Kurmi ma ta daɗe da sanin la'adar dillali daban, kuɗin mai kaya daban.

Abu huɗu ke buƙatar magana kafin a ɗora kaya a a-daidaita-sahu: nawa aka yi ciniki, nawa mai da sufuri za su ci, wane kaso ne na wanda zai yi aikin, sannan liƙi na wa. Saƙon WhatsApp guda ɗaya ya isa shaida. Wanda ya kwana ɗaukar lasifika ya cancanci sanin ladansa tun rana ba ta faɗi ba.