Mai Gyaɗa da Tauraron da Ya Fashe

Jama'a masu saurarenmu, musamman mutanen Jajaye da Karaye da Rogo, ku da har yanzu fitilun birni ba su ƙwace muku taurari ba.

Yau labarin wani mai gyaɗa na kawo muku. Ƙwarai kuwa, mai gyaɗa. Sunansa Koichi Itagaki, mutumin Yamagata a ƙasar Japan, kuma da kamfanin sarrafa gyaɗa ya ci abinci shekara da shekaru. A can baya, da rana yana kan kasuwancinsa, in dare ya yi kuma sai madubin hangen nesa. Ran 19 ga Mayun 2023 ya ɗauki hoton wani gungun taurari da masana ke kira M101, sai ga wani ɗigon haske a inda babu komai a da. Wani ƙaton tauraro ne ya zo ƙarshen rayuwarsa ya tarwatse, abin da masana ke kira sufanoba. Aka raɗa masa suna SN 2023ixf. Ba yau bawan Allahn nan ya fara ba, ya gano irinsa sama da ɗari.

Muna dai ce masa sabo ne, amma hasken nan ya yi kusan shekara miliyan 21 yana tafe kafin ya iso mu. Ku ji fa, miliyan 21.

To, gano shi somin taɓi ne. Aikin yana wajen awo, dare bayan dare. Ma'aunin hasken taurari kuwa a juye yake, kamar sakamakon jarrabawa, na ɗaya ya fi na goma. Idon mutum, ko a dare mai duhu irin na Jajaye, iyakarsa wajen lamba 6. Itagaki ya tsinci nasa a 14.9. Cikin 'yan kwanaki ya hau zuwa wajen 11, wato haskensa ya ninka fiye da sau talatin. Duk da haka ido bai isa ya gan shi ba sai da madubi.

Wani zai ce, Malam, ta yaya za a auna abin da ba ya shiga mudu, ba ya hawa sikeli? Da maƙwabtansa ake auna shi. Ka tsaya bakin madatsar ruwan Challawa da dare, ka hango tocilan biyu can tsallake. In hazo ya sauko, duka biyun za su dushe tare. In kuwa ɗaya ce kaɗai ta dushe, ka san batirinta ne. Haka mai awo yake yi. Yana zaɓar taurari na kusa waɗanda haskensu ba ya sauyawa, ya gwada baƙon da su cikin hoto guda. Ƙura ko gajimare duk tare suke shafarsu, bambancin da ya rage shi ne na gaskiya. Da maƙwabta ake awo, ku riƙe wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar tsohuwa ce. A shekarar 1006 wani tauraro ya fashe har mutane suka gan shi da ido. Akwai wani matashi a Masar, Ali bin Ridwan, wanda daga baya ya zama babban likita. Ba madubi, ba kyamara, sai ido da alƙalami. Ya rubuta cewa girman baƙon ya kai na Zara ninki biyu da rabi zuwa uku, Zara dai da kuka sani, matar wata. Haskensa kuma, in ji shi, ya ɗan ɗara rubu'in hasken wata. Bai tsaya ga mamaki ba, ya gwada shi da abin da kowa ya sani. Shi ya sa bayan shekara dubu masana ke komawa ga rubutunsa.

Me awon yake faɗa? In aka jera lambobin kowane dare a takarda, sai su fitar da tudu, hawa da sauri, gangara a hankali. Siffar tudun ke nuna irin tauraron da ya fashe. Na 2023 ja ne, ƙato, kuma hasken kwanakin farko ya nuna ya yi ta zubar da iskar jikinsa dab da mutuwarsa. Wanda bai auna a waɗannan kwanakin ba, ta wuce shi. Gangarar ƙarshe kuwa sinadarin kobal ke riƙe da ita, wanda rabinsa ke rikiɗewa ya zama ƙarfe duk kwana 77.

Na so in ba ku labarin tauraron da ya fashe da aka gani a 1987 daga ƙasar Cile, amma ga injiniya yana nuna mini agogo.