Ƙaramar Rakodar Hannu: Abin da Take Iyawa da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Rakodar hannu ƙaramar na'ura ce mai aiki da batir, wadda take naɗar sauti ta adana shi a katin memori. Yawancinsu ba su fi tafin hannu girma ba, kuma suna ɗauke da makirufo biyu a ka. Da ita wakilan gidajen rediyo suke fita neman rahoto, haka ma masu shirya fim da bidiyon YouTube, da masu tattara tarihin baka a wurin dattawa.

A da, ɗaukar sauti mai kyau a wajen situdiyo aikin masu hannu da shuni ne. Na'urar Nagra, wadda Stefan Kudelski ya fara ƙerawa a Suwizalan a 1951, ita ce ta mamaye harkar fim shekaru da dama, musamman bayan fitowar Nagra III a 1958. Tana da nauyi, tana da tsada, kuma da zaren tef take aiki. Sauyi na gaske ya zo ne da katin memori. Kamfanin Zoom na Japan ya fitar da H4 a 2006, sannan H4n a 2009. Sa'a ta zo wa H4n, domin a 2008 Canon ya fitar da kyamarar 5D Mark II mai ɗaukar bidiyo garau amma sautinta abin tausayi. Masu ƙaramin jari sai suka haɗa biyun: hoto daga kyamara, murya daga rakoda.

Babban dalilin raba sauti da kyamara shi ne tazara. Kyamara tana tsayawa inda hoto zai yi kyau, sau da yawa taku biyar ko shida daga mai magana, makirufonta kuma yana manne da ita. A fili, duk lokacin da tazarar da ke tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin muryar yakan ragu da kusan desibel 6, alhali ƙarar janareto da ta A Daidaita Sahu suna nan yadda suke. Rakoda mai araha da aka ajiye kamu ɗaya ko biyu daga bakin mai magana ta fi makirufo mai tsada da ke can ƙarshen ɗaki. Wanda ya gane wannan ya tsira daga kashe kuɗin banza.

Masu araha sun kasu gida biyu. Rukunin farko shi ne na irin su Zoom H1n, da ta fito a 2018, da Tascam DR-05X ta 2019, waɗanda farashinsu ya riƙa kai-kawo a wajen dala 100 bayan fitowarsu. Suna da makirufonsu na ciki, da kafa ɗaya mai faɗin milimita 3.5 ta jona ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. Akwai bambanci a tsakaninsu da ya kamata mai saye ya sani. Makirufon H1n an gicciya su ne suna fuskantar gaba, don haka sun fi mai da hankali ga abin da aka nuna su gare shi. Na DR-05X kuwa daga kowane ɓangare suke ji, abin da ya dace da ɗaukar hayaniyar kasuwa ko zaman mutane da yawa, amma yakan kwaso abin da ba a nema ba a lokacin hira.

Rukuni na biyu, irin su Zoom H4n Pro da H5 da Tascam DR-40X, sun kai ninki biyu ko fiye a kuɗi. Abin da ƙarin kuɗin yake saya shi ne kafar XLR mai ƙafa uku da kuma wutar bolt 48 da manyan makirufo suke buƙata, ciki har da dogon makirufon nan da ake ɗaurawa a sanda ana bin 'yan wasa da shi. Wanda ba shi da niyyar mallakar irin wannan makirufo, nauyi kawai zai ƙara wa jakarsa. Akwai kuma Tascam DR-10L, wadda ake jefawa a aljihun mai magana ya yi ta yawonsa.

Inda araha take tona asirin kanta shi ne wajen ƙara wa sauti ƙarfi. Kowace rakoda tana da sashen da yake ɗaga siginar makirufo, kuma a masu araha wannan sashe yana da tasa 'yar ƙara, wani "shuuu" da ke fitowa idan an murɗa shi sosai. A hira ta kusa ba a jin sa. Amma mai son naɗar kukan tsuntsu daga nesa, ko muryar tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa, zai ji shi ƙarara.

Saitin bidiyo ba shi da wuya: WAV maimakon MP3, a kan 48 kHz da bit 24. Awa ɗaya ta sitiriyo a haka takan ci kusan gigabait 1, ke nan katin gigabait 32 zai ɗauki kusan awa 30. Ana saita ƙarfin shiga yadda ma'aunin zai riƙa kaiwa wajen -12 idan ana magana, don a bar wuri ga dariya ko tsawa. Idan ya buga 0, muryar ta fashe, kuma gyaranta a kwamfuta sai dai a rage ɓarna. Tsarin 32-bit float, wanda Zoom ya sa a rakodarsa F6 a 2019 kuma ya sauko da shi zuwa H1essential a 2024, ya sauƙaƙa wannan, domin ana iya ɗagawa ko sauke sautin daga baya. Sai dai ba ya matso da makirufo kusa da baki, ba ya kashe janareto.

Iska ce babbar abokiyar gabar waɗannan na'urori. Iskar hunturu ko ta fankar sama takan cika naɗin da gurnani. Soson da ake sa wa makirufo na cikin ɗaki ne. A waje sai hula mai gashi buzu-buzu, a kuma kunna saitin da yake yanke ƙananan amo daga wajen 80 Hz zuwa ƙasa. Jikin robar H1n ma yana kai motsin yatsu kai tsaye cikin naɗi, don haka gara a ɗora ta a kan 'yar ƙafa. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, labule da darduma suna rage ta. Duk waɗannan ba a gane su sai an sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe.

Don haɗa sauti da hoto, ana tafawa sau ɗaya a gaban kyamara bayan an kunna na'urorin biyu. Mai tacewa zai ga tsinin tafin a layin sauti ya daidaita shi da hoton haɗuwar hannaye. Tsinin tafin a sautin kyamara ma yana taimakawa, shi ya sa ba a kashe makirufon kyamara, ko da ba za a yi amfani da shi ba. A naɗi mai tsawo agogon na'urorin yakan ɗan saɓa, sai a duba ƙarshe a ga ko baki da murya suna tare.

Wajen saye, a kula da kati da batir. H1n ba ta karɓar katin da ya wuce gigabait 32, DR-05X kuwa tana kaiwa 128. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa, yakan nuna girman da ba shi da shi, ya cinye hira sukutum, don haka a gwada shi kafin ranar aiki, a kuma goge shi a cikin rakodar kanta. Wutar bolt 48 tana shan batir da sauri, kuma yawancin rakodojin suna karɓar wuta ta USB daga fawa bank. Idan wadda aka taɓa amfani da ita ce za a saya, a buɗe gidan batir a duba ko ya taɓa zubar da ruwa, a jona waya a kowace kafa a girgiza ta ana saurare.