Agogon Da Ke Jin Bugun Wuta

Ran nan wani mai sayen gwangwan ya ratso ta Nasarawan Doya, ya hango tsohon agogon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, rataye a zaure, ya ce a ɗora masa bisa sikeli. Ƙanena har ya fara ciniki. Na hana, kuma har yau yana ganin rigima ce kawai irin ta 'yan boko.

Agogon ƙirar Smiths Sectric ne na Ingila. Baba ya saye shi a Zariya lokacin yana aiki a can. Ba a yi masa wani, ba ya cin batir. Ɗan ƙaramin injin da ke cikinsa yana juyawa ne daidai da bugun wutar lantarki, wadda a Najeriya da Ingila take kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Wato shi ba ya auna lokaci da kansa. Abin da tashar wuta ta faɗa masa, shi yake nunawa. Henry Warren na Amurka, mai kamfanin Telechron, ya yi wa wannan dabara rajista a 1918, bayan ya ƙera babban agogon da tashoshi ke daidaita bugun wutarsu da shi. Tasu wutar sau 60 take bugawa, don haka agogon Amurka zai riƙa yin lattin minti 10 kowace sa'a a ɗakinka, in ma ƙarfin wutarmu bai ƙona shi ba.

Ko Turai ba ta tsira ba. A 2018 saɓanin Sabiya da Kosobo kan wuta ya jawo irin waɗannan agoguna suka yi lattin kusan minti 6.

To, bare mu. Da an ɗauke wuta namu yake tsayawa cak, in ta dawo sai an murza masa wani maɓalli a baya kafin ya tashi. Baba kan ce bai taɓa yi masa ƙarya ba: yana nuna ainihin mintin da duhu ya zo. Lokacin salla kuwa ladan ke faɗa mana.

A Ingila da Amurka masu tara kayan tarihi suna farautar irinsa, su gyara, su adana. Mu nan tagullar cikinsa ake so. Na sauko da shi na goge ƙura, na kai wa wani mai gyaran rediyo a Maƙarfi ya sake masa waya. Ƙanena ya ce in biya shi rabonsa na gado, na kuwa biya.