RAHOTO NA MUSAMMAN: Mutanen da ke bayan Kami da Zobi, da yaran Damargu da shirin bai kai gare su ba

A ranar 21 ga watan Mayun 2011 ne gidan talabijin na NTA ya fara nuna wani shirin yara mai suna Sesame Square. Taurarinsa biyu ba mutane ba ne, 'yan tsana ne: Kami, yarinya 'yar shekara biyar mai jiki ruwan ɗorawa, da Zobi, wani shuɗin gashi buzu-buzu, direban tasi, wanda ba ya jin kira in ya ga doya.

Yara sun san su. Waɗanda ba su sani ba su ne mutanen da ke durƙushe a ƙasa, hannuwansu a sama, suna ba waɗannan tsummoki rai.

Aikin da kyamara ba ta ɗauka

Irin waɗannan 'yan tsana, mai wasan yana cusa hannunsa ne ta cikin jiki har zuwa kai. Yatsu huɗu a leɓen sama, babban yatsa a na ƙasa. Kowace gaɓar kalma sai baki ya buɗe ya rufe daidai da ita, in ba haka ba yaro zai gane ƙarya ce nan take. Ɗaya hannun kuma yana riƙe da siraran ƙarafa da ke motsa hannuwan 'yar tsanar. Idan kuwa mai manyan hannuwa ce da ke ɗaukar kaya, mutum biyu ke haɗuwa a kanta: ɗaya da kai da murya da hannu guda, na biyu da ɗaya hannun kaɗai. Haka zai wuni kafaɗa da kafaɗa da abokin aikinsa, ba a jin muryarsa, ba a ganin fuskarsa.

Abin da ya fi wuya shi ne mai wasan ba ya kallon 'yar tsanar. Wani ƙaramin allon talabijin yake kallo a gabansa, wanda ke nuna masa abin da kyamara ke gani, kuma a cikinsa dama da hagu sun saɓa wa abin da ya saba gani a madubi. Sabon shiga yakan daɗe kafin hannunsa ya daina ruɗewa.

Kafin a kai ga wannan ma, an sha zama. Tsarin da kamfanin Sesame Workshop na Amurka ke bi tun da ya fara Sesame Street a 1969 shi ne a haɗa malaman ilimin yara da marubuta da masu bincike a tebur ɗaya. Malamai su faɗi abin da ake son yaro ya koya, marubuta su mayar da shi abin dariya, masu bincike su kai wa yara su ga ko sun fahimta. Abin da ya gundure su, a sake shi.

A Najeriya, kamfanin Ileke Media ne ya yi aikin tare da su, Yemisi Ilo na jagorantar shiryawa. Su ne suka yanke cewa a ƙarƙashin bishiyar mangwaro za a riƙa haɗuwa, ba a bakin titi irin na birnin New York ba. Kami an ɗauko ta ne daga shirin Afirka ta Kudu, Takalani Sesame, inda aka fito da ita a 2002 a matsayin marainiya mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, don a rage tsangwamar yara irinta. Zobi kuwa ɗan gida ne, kuma ta kansa aka koyar da amfani da gidan sauro: ya cukuikuye a cikinsa, yara su yi dariya, sannan a nuna yadda ake ɗaura shi.

Da Turanci aka fara. Daga baya aka yi na Hausa, Dandalin Sesame.

Tsallaken iyaka

Hausa ba ta tsaya a Maigatari ko Kongolom ba. Daga Damagaram in ka miƙi hanyar Agadas za ka shiga Damargu, ƙasar Tanut da Belbeji, inda Hausa ce ke haɗa Bahaushe da Buzu da Bafulatani da Babarbare a kasuwa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Sai dai kimanin kashi 20 cikin 100 ne kawai na al'ummar ƙasar ke samun wutar lantarki, a karkara kuma abin ya fi haka muni. Yaron ƙauye a Damargu ya fi kusa da rediyo da wayar yayansa fiye da akwatin talabijin. Ko ya ga Zobi ma, sai an yi masa bayanin son doya, shi da ya tashi da gero da fura.

Ga kuma batun kuɗi. Hukumar USAID ta Amurka ce ta ɗauki nauyin Sesame Square, da tallafin dala miliyan 3.3 a farkon tafiya. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar. A wannan shekarar ce kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a cikin kundin sake gina ƙasa. Wato harshen ya samu matsayi a daidai lokacin da aljihun da ya saba biyan kuɗin irin wannan shiri ya rufe.

Ba baƙuwar sana'a ba ce

A ganina, kuskure ne a ɗauka sai an jira wani daga waje. Ƙasar Hausa ta san 'yan dabo tun kafin talabijin. Mai dabo yakan kafa sanda, ya lulluɓa mata babbar riga, ya shige ciki, ya riƙa fito da 'yan tsanarsa ta wuyan rigar. Yana sa wani abu a baki da ke sirantar da murya, abokin tafiyarsa na waje yana kiɗa, yana amsa musu, yana fassara wa 'yan kallo. Mutum biyu, riga ɗaya. Wasan dai na manya ne galibi, cike da habaici da zambo, shi ya sa ba kowane uba ke son ɗansa ya tsaya a wurin ba.

Akwai kuma marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015. Da wasan inuwa da fitila ya fara tun yana saurayi, kafin ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka. A Bon Voyage Sim na 1966, kwaɗi ya zana yana yi wa shugabanni shaguɓe. A Samba le Grand na 1977 da 'yan tsana ya yi aiki, yana motsa su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. A Kokoa kuwa, kwaɗi da sauran dabbobi ya jefa filin kokawa. A Tawa ya zauna shekaru masu yawa, yana ƙera kayan aikinsa da hannunsa, yana koya wa matasa.

Abin da Sesame Square ke da shi wanda mai dabo da Alassane ba su samu ba shi ne wancan tebur: malami da marubuci da mai bincike, da albashin da zai zaunar da su. Gidan Télé Sahel na Yamai yana watsa shirye-shirye da Hausa, kuma ɗinka 'yar tsana ba ya wuce ƙarfin telan kasuwar Tanut. Mai riƙe hannu na biyu ne sai an horar, an kuma biya shi.