Faɗuwar gaba a Boɗinga da Shagari: Likita na cikin waya, amma da wane harshe?

Gwaggona ta sha maganin taifod sau uku a cikin shekara guda, an yi mata ƙarin ruwa sau biyu, an kuma ce tana da gyambon ciki. Duk da haka ba ta daina kwana zaune ba. Tun daren da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu a ƙaramar hukumar Shagari, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa ta saki abin da ke hannunta ta dafe ƙirji. Ba a taɓa ta ba, ba a ɗauki kowa nata ba. Shi ya sa ma take jin nauyin faɗa, don a ganinta waɗanda aka kashe wa maza ne ke da bakin kuka.

Ɗanta da ke karatu a Sakkwato ne ya fara cewa wannan ba taifod ba ne. Ya nemo wata mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, ya biya kuɗin zama ɗaya, ya zo gida ya miƙa wa uwar waya. Matar tana da kirki, tana kuma jin Hausa, irin wadda ake cakuɗawa da Turanci. Ta jero tambayoyinta, gwaggo kuma ta amsa kowace da "lahiya lau" da godiyar Allah, ɗan yana tsaye a kanta yana fassara abin da ya shige mata duhu. Cikin minti ashirin aka gama. A rubuce dai, babu abin da ke damun ta.

Ciwon da ake kai wa kemis

Abin da ke damun gwaggo yana da suna a asibiti: ciwon fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da shi a shekarar 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Tsoro a lokacin haɗari ba ciwo ba ne, kariya ce da Allah ya halicci jiki da ita. Yana zama ciwo ne idan haɗarin ya wuce amma jiki ya ƙi yarda, ya ci gaba da zaman ko-ta-kwana har ya hana mutum barci da cin abinci da neman na kansa.

A jiki yake fara bayyana. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya yi sama, hannu ya yi rawa, ciki ya murɗa, gumi ya karyo ko a cikin hunturu. To wanda ya ji haka kemis zai nufa, kuma abin da ke kan kanta shi za a ba shi. Idan bai ji sauƙi ba sai a koma zargin iska ko sammu.

Boɗinga da Shagari suna kan babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Yanki ne mai tarihi, a nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato. Shekaru da dama labarin hare-hare daga gabashin jihar ake jin sa, Isa da Sabon Birni da Goronyo. A 'yan shekarun nan ya gangaro kudu, ya taɓa ƙauyukan Tureta da Kebbe da ita kanta Shagari. A arewa kuma, wajen Tangaza da Gudu, ga Lakurawa da rundunar soji ta sanar da ɓullarsu a watan Nuwamban 2024.

Akwai wata fargabar ma da ba ta bindiga ba. Mai fataucin dabbobi ko albasa da ke bin wannan titi har Illela ya tsallaka Ƙonni ya ga an rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Wanda ya ci bashi ya sayi kaya a irin wannan lokaci ya san abin da ake kira kwanan zullumi.

Kware ta yi nisa

Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Kware, a arewacin birnin Sakkwato kan hanyar Illela, akwai kuma sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mutumin Dandin Mahe ko Kajiji sai ya shigo birni, ya ratsa shi, ya sake hawa wata mota. Kuɗin mota a yau ba wasa ba ne, amma ba shi ne babban shinge ba. Sunan garin kansa ya zama abin zolaya a bakin mutane, kamar yadda Kanawa ke yi da Dawanau. Macen da aka ji an kai ta Kware, har 'ya'yanta mata sai maganar ta biyo su ranar neman aure.

Likitocin ma ba su da yawa. Ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. A watan Janairun 2023 ne aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta yi maganar kai wannan kulawa har matakin al'umma, sai dai daga takarda zuwa ɗakin shan magani na ƙauye tafiya ce mai tsawo.

A nan waya ta shigo. Ba kuɗin mota, ba wanda zai gan ka a layi. Ƙungiyoyi irin su She Writes Woman da Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016, da Mentally Aware Nigeria Initiative, sun daɗe suna sauraren mutane ta waya da intanet, kuma sun taimaki da yawa. Amma mafi yawan irin waɗannan ayyuka daga Legas da Abuja suke, shafukansu da Turanci, an kuma gina su ne da tunanin matashin da ke da wayarsa shi kaɗai da ɗakin da zai rufe.

Ba fassara ce kawai ba

Akwai wata takardar tambayoyi bakwai da ma'aikatan lafiya ke auna fargaba da ita, GAD-7, wadda aka fitar a Amurka a 2006. Tana tambayar sau nawa a cikin mako biyu mutum ya ji kaza da kaza. Da zarar an juya ta zuwa Hausa cikin gaggawa, kalma ɗaya ce ke haɗiye kusan komai: damuwa. Alhali damuwa a bakin Bahaushe ta haɗa da rashin kuɗin cefane da rigimar kishiya da ciwon haƙori. Ka tambayi dattijuwa ko tana da damuwa, za ta ce wa ya rasa ta, ko kuma ta ce babu don kada ta zama mai butulce wa Ubangiji.

Harshen kuwa bai rasa kalmomi ba. Fargaba daban, zullumi daban, firgita daban, tararrabi daban. Wanda ya ce gabansa na faɗuwa ba abu ɗaya yake nufi da wanda ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi ko zuciyarsa ta ƙuntata ba. Mai sauraren da ya tashi cikin harshen zai kama bambancin, ya bi sawunsa da tambaya ta gaba. Wanda ya koyi aikin da Turanci, Hausarsa kuma ta gaisuwa ce, zai wuce bai ji ba. Ƙara da cewa Hausar wannan yanki Sakkwatanci ce. Ba kowane Bakano ba ne zai bi tsohuwar da ke ba da labari da sauri tana cewa "yat tahi" da "mun ishe", balle manhajar da aka horar da rubutun jarida.

Sannan ga Fulatanci. Gwaggo tana ciniki da Hausa, amma da Fulatanci take mafarki. A tarbiyyar Fulani akwai munyal, wato haƙuri da juriya, akwai semteende, wato kunya, kuma duka biyun suna hana mutum bayyana rauninsa a gaban wanda bai kamata ba. Kuskuren da muka yi ranar nan, wanda sai daga baya na gane, shi ne wanda muka sa ya yi tafinta. Ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, ta yaya za ta ce a gabansa tsoro na hana ta fita bayan gida da dare?

A ƙetaren boda ma haka abin yake, sai dai a can da Faransanci ma'aikacin lafiya ya yi karatu. Mara lafiyar Ƙonni da na Illela harshensu ɗaya, littattafan masu duba su ne suka bambanta. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya kamata ya sa masana na ɓangarorin biyu su zauna su daidaita kalmomin wannan fanni.

Zimbabuwe ta riga mu gwada wata hanya. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren mutane. Ba su ɗauko sunan ciwo daga littafi ba, sun yi amfani da kalmar da mutanen Shona suka sani, kufungisisa, wato yawan tunani. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Wayar wa, kuma a ina?

A gidaje da yawa a ƙauyukan nan waya ɗaya ce, a aljihun maigida take, kuma ƙarama ce mai maɓalli. Matar da za ta yi magana sai ta ara, a tsakar gida, yara da kishiya na ji. Rubutu ba zai yi wa mafi yawansu ba, sai murya. Caji sai an aika shago. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kuma mutanen jihar ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro. Wato a daidai lokacin da tsoro ya fi yawa, a lokacin ne wayar ke iya mutuwa.

Akwai kuma 'yan damfara. TikTok da Facebook cike suke da masu kiran kansu likitocin damuwa da Hausa raɗau, ƙarshen zancensu a tura kuɗi a karɓi garin magani. Duk wanda zai saurare ka, ka tambaye shi inda ya yi karatu, da asibitin da zai tura ka idan abin ya fi ƙarfinsa, da wanda zai ji saƙon muryarka bayan shi. Ƙasar na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kana da haƙƙin tambaya.

Wasu abubuwan waya ba ta yin su. Ba ta auna hawan jini, ba ta bambance fargaba da ciwon zuciya, don haka mai ciwon ƙirji sai an duba shi ido da ido. Wanda ya fara tunanin kashe kansa asibiti za a kai shi a ranar. Ƙwayoyin sa barci irin su diazepam da ake saye ba da takardar likita ba suna kwantar da hankali na dare ɗaya, su bar mutum da jaraba.

A ganina, amfanin waya a Boɗinga da Shagari bai kai ga haɗa gwaggo da wata ƙwararriya a Legas ba tukuna. Ya fi kusa da haɗa ma'aikaciyar lafiyar ƙauye, wadda ta san harshen da gidajen, da likitan da ke Kware. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin zama biyar da ake koya wa wanda ba likita ba, ya koya wa mutum sassauta numfashi, da rarrabe matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, da komawa cikin mutane. Malaman da ake fara kai wa mara lafiya don tofi da ruƙiyya su ma ba abokan gaba ba ne. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya a ƙauyukan Aro da ke Abeokuta, kuma duniya ta yaba.

Karo na biyu da muka gwada, wata ma'aikaciyar jinya ce Bafulatana da ke aiki a birni ta karɓi gwaggo. Jikarta ta danna mata wurin naɗar murya, ta fita ta ja ƙofa. Saƙon farko ya kai minti goma sha ɗaya, babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki in ban da sunan ƙauyen da aka kai wa hari. Bayan mako uku ta yarda a kai ta asibiti a auna jininta, da sharaɗin a ce wa maƙwabta biki za ta je Sakkwato. Har yanzu ƙarar babur na tayar da ita, amma tana komawa barci. Saƙonta na gaba yana jiran ranar kasuwa, don ranar ce ake kai wayar caji.